Me ya sa jariran kifin teku ba sa kwana a tankin gida?

Wanda ya ajiye kifin teku a tankin gilashi, ya kula da su har suka saki jiki, wata rana zai iya wayar gari ya tarar da wani abu mai launin lemo manne a jikin dutse, kifaye biyu suna ta kai-kawo a kansa suna korar duk abin da ya matso, har da hannun mai gidan. Ƙwai ne. Bayan kwana bakwai ko takwas, cikin dare, sai ya fashe, ɗaruruwan jarirai su bazu cikin ruwa. Gari na wayewa kuwa ko ɗaya ba za a gani ba. Bayan mako biyu a sake yin sabon ƙwai, a sake rasa su. Akwai masu tankin da suke shekara da shekaru a haka, har su ɗauka kifin nasu ne ba shi da kirki, alhali kifin ya yi nasa, saura na mai shi.

Kifin da aka fi samun wannan a kansa shi ne ɗan ƙaramin nan mai launin lemo da fararen ɗamaru uku, wanda yara suka sani daga fim ɗin Finding Nemo na 2003. Masana na kiransa Amphiprion ocellaris, mu kuwa a nan mu ce masa kifin Nemo. Asalinsa ruwan ɗumi na gabashin tekun Indiya da yammacin Fasifik, wajen Indonesiya da Filifin da arewacin Ostareliya, inda yake zaune a cikin anemoni, wata dabba mai kama da fure wadda yatsunta ke da dafi. Dafin ba ya taɓa shi, sai abokan gabansa. Wani abin mamaki a tattare da shi: ba a haifar mace a cikinsu. Wanda ya fi kowa girma a gidan shi ke rikiɗa ya koma mace, mai bi masa ya zama mijinta, sauran su zauna jiran gado. Shi ya sa haɗa ma'aurata a tanki ba wuya, a sayi ƙanana biyu a bar su, su da kansu za su raba matsayi.

Macen ke zuba ƙwai a kan wuri mai tsabta, namijin ya bi ya barbare shi, sannan reno ya koma wuyansa. Yini yake yana fifita ƙwan da fikafikansa don iska ta ratsa, yana tsince wanda ya lalace da baki. Launin ƙwan yakan tashi daga lemo ya yi duhu, daga ƙarshe a fara hango idanu biyu masu ƙyalli kamar azurfa a cikin kowanne. Ranar da ƙyallin nan ya bayyana sosai, a daren ne ko na gobe za su fito, yawanci awa ɗaya zuwa biyu bayan an kashe fitila. Daga nan aikin uba ya ƙare. Idan jariri ya gitta ta gaban bakinsa ma zai iya haɗiye shi.

A nan ne matsalar take, kuma ina ganin mafi yawan masu tanki ba su fahimce ta ba. Tankin da ke falo kwaikwayon duwatsun murjani ne, inda manyan kifin suke rayuwa: ga famfo mai juya ruwa da ƙarfi, ga matata, ga haske mai kashe ido, ga ruwa garai-garai. Jaririn kuwa ba ɗan wannan unguwar ba ne. A teku, da zarar ya fito daga ƙwai yakan tashi sama ya bi igiyar ruwa zuwa sarari, ya yi kwana takwas zuwa goma sha biyu yana yawo a inda babu bango babu dutse, yana farautar ƙananan halittun da ido ba ya gani. Fitowar dare ma dabara ce ta kuɓuta daga bakunan da ke jira a kan duwatsun. To a tanki babu sararin da zai gudu. Famfo ya zuƙe wasu, matata ta tace wasu, sauran kifaye da murjani, wanda shi ma dabba ne mai rai, su yi buɗa-baki da ragowar. Wanda ya tsira kuma yunwa ta gama da shi, domin tsabtar ruwan da mai gida ke alfahari da ita ma'anarta babu abin ci a ciki.

Saboda haka matakin farko shi ne raba su da iyayen. Wasu suna jira har su fito, su kashe famfo da duk fitilun ɗaki, su haska 'yar tocila a kusurwa guda. Jariran na bin haske, sai su taru a wurin, a riƙa ɗibarsu da kwano tare da ruwansu. Ba a sa musu koma ko raga, tsawonsu bai fi milimita uku zuwa huɗu ba, jikinsu ba ya jure taɓawa. Waɗanda suka daɗe a harkar sun fi son wata hanyar: su ajiye wa iyayen tayil ko tukunyar ƙasa irin ta shuka fure, idan suka saba zuba ƙwai a kai, sai a ɗauke ta a yammacin ranar ƙyanƙyasa a kai wani tankin daban, a sa bututun iska a ƙarƙashinta yadda kumfa zai riƙa kaɗa ƙwan a madadin fifitar uban. Kuskuren lissafi na kwana ɗaya ko biyu kan jawo asara, don kumfa ba ya tsince ruɓaɓɓen ƙwai.

Tankin renon kansa ba abin kallo ba ne. Ƙarami ne, kamar lita arba'in, a cika shi rabi, babu yashi, babu dutse, babu matata, sai na'urar ɗumama ruwa da ke riƙe zafi wajen digiri 27 da iska kaɗan-kaɗan. A rufe gefunansa da baƙar leda ko baƙin fenti, hasken ya zo daga sama kawai, shi ma mai laushi. Dalili kuwa, jaririn da ido yake farauta. Idan haske ya shigo ta gefe sai ya je ya manna kai a gilashi yana ta tura shi har ƙarfinsa ya ƙare, idan kuma hasken ya yi yawa ya gudu ƙasa ya ƙi cin abinci.

Sai babbar magana, wato baki. Masu ƙyanƙyasar tarwada a Najeriya sun san atemiya, wannan garin ƙwai mai launin ƙasa da ake sayarwa a gwangwani da tsada, wanda ake ba jariran tarwada bayan sun shanye guzurin da ke cikinsu a kwana uku na farko. Jaririn tarwada ya yi sa'a, bakinsa na ɗaukar atemiya tun daga cin farko. Na kifin Nemo bai kai ba. Sabuwar atemiya, wato 'yar halittar ruwan gishiri da ke ƙyanƙyashewa daga wannan ƙwai, tsawonta kusan rabin milimita ne, shi kuwa abin da zai iya haɗiya da sauƙi a kwanakin farko bai wuce rabin haka ba. Kuma dole abin ya zama mai rai, mai motsi, domin garin abinci komai laushinsa ba ya ɗaukar hankalinsa. Guzurin da ya fito da shi kwana biyu zuwa uku yake kai shi. Idan bai koyi kama abinci a wannan tsakanin ba, ko an kawo daga baya ya riga ya yi raunin da ba zai iya farauta ba. Wannan ba sabon sani ba ne. Tun 1914 masanin kifi ɗan ƙasar Norway, Johan Hjort, ya kawo ra'ayin cewa yawan kifin da masunta za su kama bayan shekaru yana rataye ne a kan 'yan kwanakin nan da jarirai ke fara neman abinci a teku. Abin da yake faruwa a faɗin teku shi ne yake faruwa a lita ashirin na ruwa.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa wata halitta ce da ake kira rotifa, musamman nau'in Brachionus plicatilis. Tarihinta akwai ban dariya. A Japan masu kiwon kifin nan mai kama da maciji sun ɗauke ta annoba, domin idan ta yi yawa a kududdufansu takan cinye koren ruwan ta bar kifin ba iska. A farkon shekarun 1960 ne masu bincike a can suka gano za a iya saba mata da ruwan gishiri a kuma ciyar da jariran kifin teku da ita. Girmanta ya yi daidai da bakinsu, ninƙayarta a hankali take, tana jure cunkoso, kuma mata ne ke haihuwar mata ba tare da namiji ba, don haka garkenta na iya ninkuwa cikin 'yan kwanaki. Kiwon kifin teku na zamani, na ci da na ado, a kanta ya miƙe. A Amurka ma, lokacin da Martin Moe ya fara fitar da kifin Nemo don kasuwa a jihar Florida a farkon shekarun 1970, rotifa ce abincin farko.

Sai dai rotifa a karan kanta buhu ce, abin da aka zuba mata shi take kai wa jariri. Idan da yis aka rene ta, za ta cika masa ciki amma ba ta da wasu nau'o'in mai da idonsa da ƙwaƙwalwarsa ke buƙata, waɗanda ake taƙaita sunansu da EPA da DHA. Kifin teku, saɓanin da yawa daga na ruwan daɗi, jikinsa ba ya iya ƙera su yadda za su ishe shi, sai ya same su a abinci. Shi ya sa ake ciyar da rotifa da wani tsiro mai ƙwayar halitta guda, Nannochloropsis, wanda ke mai da ruwa kore shar. Shi yana da EPA mai yawa amma DHA ɗinsa bai taka kara ya karya ba, don haka ake ƙara mata wani haɗin na musamman 'yan awanni kafin a kai ta wurin jariran. Ke nan wanda ya ce zai reni jariran kifin teku, ya sani manomi zai zama: ya noma koren ruwa ko ya sayi dasƙararrensa, ya kiwata rotifa da shi, sannan ya kiwata kifi da rotifa. Kifin shi ne na uku a layi. A ganina duk wanda bai iya riƙe bokitin rotifa na wata guda ba tare da ya mutu masa ba, bai kamata ya taɓa ƙwan ba tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma bokitin rotifa ya iya zaɓar ranar mutuwa, sai a jajibirin ƙyanƙyasa.

A duba lissafin. Jaririn kwana ɗaya ba ya iya bin abinci da nisa, sai wanda ya gitta ta gabansa, ya lanƙwashe jiki ya kai sara, kuma da farko yakan kuskure fiye da yadda yake dacewa. Don haka ake so a samu rotifa kamar goma a kowace mililita ta ruwa. A lita ashirin, dubu ɗari biyu ke nan, kuma a riƙa cike gurbin abin da aka cinye, tunda kowane jariri na iya lashe ɗaruruwa a yini. Ana tace su daga bokiti da rariya mai ƙananan ido sosai, ba a zuba ruwan bokitin a tankin reno don dattinsa. Akwai kuma batun gishiri. Ruwan teku yana da kusan giram 35 a kowace lita, rotifa kuwa ta fi haihuwa a ruwan da bai kai haka ba. Idan tazarar da ke tsakanin bokiti da tanki ta yi yawa, ana zuba ta sai ta sandare ta nutse ƙasa, jaririn ya zauna da yunwa a saman abincinsa. Ana kuma ɗan zuba koren ruwan a tankin renon ma, don rotifar da ba a ci ba ta ci gaba da ƙoshi, tunda cikin 'yan awanni takan zazzage abin da ke cikinta. Koren yana rage kaifin haske, yana kuma sa jaririn ya fi ganin abin farautarsa.

Daga nan sai a faɗa wani halin, gaba kura baya siyaki. Ana son abinci ya yi yawa a ruwa kaɗan, amma duk mai rai a cikin tankin, kifi da rotifa, yana fitar da amoniya, ga kuma gawarwaki da ragowar kore suna ruɓewa a ƙasa. A babban tanki ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a matata da duwatsu su ke sarrafa amoniya, a nan kuwa an cire matatar da gangan. Ƙari a kan haka, amoniya ta fi dafi a ruwan teku fiye da yawancin ruwan daɗi, domin ruwan teku ya karkata wajen kanwa, ma'auninsa na pH ya ɗan haura takwas, kuma a irin wannan yanayi kason amoniyar da ke zama a siffarta mai guba yakan ƙaru. Zafi ma yana ƙara mata. A rage abinci yunwa ta yi kisa, a ƙara abinci ruwa ya yi kisa, a sauya ruwa da yawa lokaci guda girgizar sauyin ta yi kisa. Mafitar ba ta da wani sirri sai naci: kullum a zuƙe dattin ƙasa da siririn bututu, a duba kwanon da aka zuƙe a mayar da jariran da suka biyo, sannan a mayar da sabon ruwa ɗigo-ɗigo kamar ƙarin ruwa a asibiti, mai zafi da gishiri daidai da na tankin. Gishirin kuma ba na miya ba ne, haɗi ne na musamman mai ɗauke da sauran ma'adanan teku, kuma da ruwan da aka tace sosai ake dama shi.

Wajen kwana na huɗu zuwa na shida baki ya buɗe, sai a fara shigo da atemiya ba tare da an yanke rotifa ba. Ita ma atemiya tana da nata tarihin. Alvin Seale a Amurka a 1933 da Gunnar Rollefsen a Norway a 1939 su ne suka nuna amfaninta ga jariran kifi, kuma har yau babban tafkin gishiri na jihar Utah yana cikin manyan wuraren da ake kwaso ƙwanta. Ƙwan yana shekaru a bushe, a jiƙa shi a ruwan gishiri da iska ya ƙyanƙyashe cikin yini guda. Amma tana da haɗari biyu. Ɓawon ƙwan ba ya narkewa, idan jariri ya haɗiya yana iya toshe masa hanji. Sannan jariran suna sonta fiye da kima, za ka ga cikinsu ya yi ja ya kumbura, alhali ba ta da DHA na kirki. Mai reno ya ga ciki ya cika ya yi murna, bai san ya ci bashi ba.

Ranar biyan bashin ita ce ranar rikiɗa, tsakanin kwana na takwas da na goma sha biyu. Cikin ɗan lokaci jaririn da yake siriri mai ƙyalli sai ya faɗaɗa, launin lemo ya fito, ninƙayarsa ta koma irin rangajin nan na iyayensa, ya sauko daga tsakiyar ruwa ya nemi kusurwar da zai fake. Farar ɗamarar kai ita ke fara fitowa, sai ta tsakiya, ta wutsiya daga ƙarshe. Sinadarin da ke tafiyar da wannan sauyi daga ƙullin wuya yake fitowa, wanda mu ma muke da shi, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo. Aiki ne mai cin ƙarfi, kuma a nan ake yin mutuwa ta biyu mai yawa. Mutane kan ɗora laifin a kan abin da suka yi jiya, amma sau da yawa abincin makon farko ne. Waɗanda suka haye da kyar kuma wasunsu kan fito da ɗamara a yanke ko marfin kunne a buɗe. Bayan rikiɗa sauƙi ya samu, a saba musu da garin abinci, a sa 'yar matatar soso.

Duk wannan wahalar, kifin Nemo yana cikin masu sauƙi. Wanda ya fi shi sauƙi shi ne wani kifi mai zanen baƙi da azurfa daga tsibiran Banggai a gabashin Sulawesi ta Indonesiya, Pterapogon kauderni. Wanda ya san karfasa ya san yadda uwa ke riƙe ƙwai a baki. A wannan kifin uba ne ke yi, ya yi kusan wata guda bai ci komai ba, ya saki 'ya'ya 'yan gomomi, kowanne kusan milimita takwas kuma da siffar manya. Ba sa yawon sarari, a teku tsakanin ƙayoyin bushiyar teku suke ɓuya, a tanki kuma suna cin atemiya tun ranar farko. Ba bokitin rotifa, ba koren ruwa. Sai dai wannan rashin yawon shi ya tsare su a ɗan yanki guda, ga haihuwa kaɗan, da kasuwar kifin ado ta gano su a tsakiyar shekarun 1990 aka yi ta kwasa har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa a 2007. Su ma jariransu idan aka dogara da atemiya zalla, akan ga wani ya firgita da ɗan motsi ya sandare ya mutu, abin da ake dangantawa da ƙarancin mai ɗin nan dai.

A ɗaya ƙarshen akwai kifayen da ke watsa ƙwansu cikin ruwa ba reno, jariransu su fito ba ido ba baki, idan bakin ya buɗe kuma rotifa ma ta yi masa girma. Su sai jariran wasu ƙananan ƙwarin teku da ake kira kofifod, masu wuyar kiwo, kuma yawonsu na sarari kan kai wata biyu. Sai a 2015 aka yi nasarar renon rawayan nau'in wani kifin ado da ake kira tang a cibiyar Oceanic Institute da ke Hawaii, shuɗin kuma a 2016 a wani ɗakin bincike na Jami'ar Florida. Wannan ya nuna dalilin da ya sa har yanzu mafi yawan nau'o'in kifin teku na ado daga teku ake kamo su, a wasu wuraren ma da gubar sayanaid, saɓanin na ruwan daɗi da galibinsu a gona ake haifa. Ban yarda da masu cewa renon gida zai ceci teku ba, adadin bai kai ba. Amma kifin da aka rena a tanki ya saba da garin abinci, ba ya zuwa da cututtukan teku, kuma dabaru da dama da manyan gonaki ke amfani da su an goge su ne a ɗakunan masu sha'awa.

Saura abin da ba a cika faɗa wa mai farawa ba. Tankin reno ba ya jure ɗaukewar wuta, bokitin rotifa ma idan iska ta tsaya na 'yan awanni yana iya juyewa, don haka inda lantarki ba tabbas sai da batir ko sola kafin a yi maganar ƙwai. Idan kuma an dace, jarirai ɗari ko ɗari biyu suka haye, za su yi wata huɗu zuwa shida kafin su kai girman sayarwa, suna ci suna faɗa, manya na danne ƙanana sai an riƙa ware su. Iyayen kuwa ba ruwansu, bayan kwana goma sha biyu zuwa sha huɗu sun sake share tayil sun zuba wani. Masu reno da yawa sukan ɗauki zubi ɗaya su bar uku ko huɗu a tankin falo, famfo da sauran kifaye su yi abin da suka saba.